Wilin da Bai Taka Dutse Ba

A da na yi imani cewa zamanmu a Maiduguri na ɗan lokaci ne, domin haka kawuna ya gaskata. Jiya a Bolori na ji mai gyaran keke yana kaɗa wayoyin wili, sai na tuna shi. Tun da rikici ya koro mu daga Gwoza yake haɗa wilin keke guda, yana ɗaure kowace waya, yana kaɗa ta da farce ya saurari ƙararta.

Na ce, "Kawu, garin nan ko tudu babu."

Ya ce, "Kai ɗan boko, wa ya ce yashi zan hau? Duwatsun gida nake yi wa shiri."

A nan muka binne shi, Allah Ya sa ya huta. Tun ranar na daina ce wa 'ya'yana za mu koma Gwoza.