Yadda Na Koya wa Manhaja Aikina

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da aka cire ni daga ɗakin gwaji ba.

Ni ma'aikacin lab ne, wato ɗakin gwaji, a sashen nazarin duwatsu na wata makaranta a nan garin Lafiya. Aikina in daka dutse, in wanke, in tace, in baza garin a ƙarƙashin maikuroskof, madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. A ciki ake samun ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun zamanin da teku ta rufe yankin nan. Ido ba ya ganinsu, amma da su ake gane shekarun dutse. Da ɗan jiƙaƙƙen burushi nake tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ne ya sa mini tabarau.

Sai Dakta Halima, wata malama da ta dawo daga karatu a waje, ta zo da manhajar da ke duba hoto ta faɗi irin halittar. Matsalar ita ce manhajar ba ta san irin namu na nan ba.

"Baba Audu, sai ka koya mata," in ji Dakta. "Kai ka san su."

Na ji daɗi ƙwarai. Damina guda ina ɗaukar hoto, ina zagaye kowace halitta a kwamfuta, ina sa mata suna. In manhajar ta yi kuskure, in gyara. Har Asabar nake hawo keke napep daga unguwarmu Azuba, ba wanda ya sa ni.

Ta kuwa koya. Abin da nake shafe mako ina tantancewa, kafin shayi ya huce ta gama. Na yi ta neman kuskurenta, ban samu ba.

A ranar Litinin ɗin shugaban sashe ya kira ni ofis.

"Malam Audu, sito na bukatar mai amana. Daga yau can za ka koma."

"Oga, lab ɗin fa?"

"Ɗalibai za su iya ɗaukar hoto. Ka hutar da idonka."

Na nufi wurin Dakta. Ta kasa kallona. "Wallahi Baba, ban san haka za a yi ba." Na yarda da ita. Amma ko ƙofar ofishin shugaban ba ta taka ba.

Yanzu tsintsiya da sabulu nake rabawa. Ku masu tasowa, ban ce ku ɓoye abin da kuka sani ba. Amma duk ranar da aka ce ku koya wa wani aikinku, mutum ne ko na'ura, ku fara tambayar inda za a ajiye ku in ya iya. Ni ban tambaya ba.