Nonon Matar Yaya

Daga Warra har Yelwa ba a haifi wanda ya taɓa kayar da ni a gardama ba. Na taɓa yin musu da wani mai jirgi a kan zurfin ruwan Kainji har injinsa ya mutu don gajiya da saurarena. Malamar asibiti ma na kayar da ita, kuma wannan nasarar ce har yau take tsaya mini a wuya.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba matata ta haihu, cikin wata bakwai. Ɗiya mace. Na sha kama karfasar da ta fi ta nauyi. Uwar kuwa zazzaɓi ya kayar da ita, nono ya ƙi zuwa ko ɗigo. Muka sa su a jirgi sai Yelwa, da Innata da matar Yayana.

Malamar ta duba jaririyar ta ce, "Cikin bakwaini ba ya ɗaukar komai sai nonon mutum. Ku samo mai shayarwa ta tatsa a kofi, mu ɗiga maganin ƙarin ƙarfi a ciki, a riƙa ba ta da cokali."

Matar Yaya tana goye da ɗanta namiji, ɗan wata huɗu. Ta ce, "Ga ni. Nawa har zane yake jiƙa mini."

Nan na gyara tsayuwa. Tun ranar sunan yaron ni da Yaya muka tafa a bakin ruwa: in matata ta haifi mace, matar ɗansa ce, jirginmu da tarunmu su zauna gida ɗaya. Kuma na san hukuncin. In ta sha wannan nono, ko da cokali ne, sun zama wa da ƙanwa, aure ya haramta. Yaya yana can wajen Shanga yana su, babu mai taka mini birki.

Na ce, "Malama, kakana da madarar saniya aka raine shi, ya shekara ɗari da ashirin yana ɗaukar jirgi a ka."

"Kakan naka bakwaini ne?"

"Shi ai wata biyar aka haife shi!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har mai karaya a gadon ƙarshe. Inna ta ce, "Kai, bari wasa, rai ne wanga." Ban bari ba. Ina jin dariyar mutane kamar an zuba wa injina mai. Malamar ta yi magana har muryarta ta dushe, daga baya ta ce, "Ɗiyarka ce, yi yadda ka so," ta juya.

Muka koma Warra. Na sa aka karɓo madara a ruga, aka tafasa, aka tace. Kwana biyu ana ba ta, cikinta ya kumbura ya yi ƙyalli, gudawa ta biyo. Ran na huɗu da kaina na je na durƙusa wa matar Yaya. Ta tatsa, ta cika kofi. Amma bakin ya daina haɗiya. Kafin azahar an gama. Likkafaninta bai kai hannun rigata ba.

Bayan sati, ina zaune a zaure ina ƙoƙarin ba masu gaisuwa dariya, don ban iya komai ba sai wannan, matar Yaya ta shigo. Ta kwance goyonta ta ɗora mini yaron a cinya.

Ta ce, "Gwanin gardama, ga ango na kawo maka. Tashi ka nuna mishi ɗakin amarya."