Takalmin da Bai Tsinke Ba

Baba mai gyaran takalmi ba ya kallon fuskar mutane. Shekara da shekaru yana zaune a bakin tashar bas, kai a sunkuye, ƙafafu kawai ya sani. Ga shi da faɗa, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Ranar nan ya ga ƙafafun wata mace sun wuce da sauri, sun dawo, sun sake wucewa. Duk inda suka juya, wani baƙin takalmin namiji yana biye.

"Ke!" ya daka mata tsawa. "Tun safe uwarki take nemanki. Zauna, miƙo takalmin nan!"

Bai taɓa ganinta ba. Ta zauna a benci, ta miƙa masa takalminta. Baƙin takalmin ya matso daf da akwatin aiki. Baba ya ɗago kai, basilla a hannu, ya kafe mutumin da ido.

"Malam, gyara ne?"

Mutumin ya ja tsaki, ya juya.

Sai da bas ta tsaya ya miƙa mata takalminta.

"Baba, ina ne ya tsinke?"

"Lafiyarsa ƙalau. Tafiyarki ce ba ta yi mini ba. Maza shiga mota."