Boeta Gasant da Bakwai Mai Karyayyar Ƙafa

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ina kwance ƙarƙashin wata mota a garejina da ke Paarl a Afirka ta Kudu, matata Galiema ta zo ta tsaya a kaina. Ƙafafunta kawai nake hange. Na ce ta faɗi abin da ya kawo ta ina ji, ta ce wannan ba maganar da ake ji a kwance ba ce. Da na fito na miƙe, sai ta ce Boeta Gasant Salie ya cika a gidan 'yarsa Rugaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekararsa saba'in da tara, kuma kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Boeta muke ce masa, wato Yaya. Shekara ashirin da shida shi ne babban alƙali a taron ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin motocin soja, wanda muke yi kowace Satumba a filin baje kolin manoma na Worcester. Mutum zai shekara goma yana gyara motarsa, ya wanke, ya goge, ya kawo ta yana taƙama. Sai wani siririn tsoho ya iso da farar rigar makanikai, da tocila, da madubi a bakin sanda, da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin hankici. Yana bin jikin mota da maganaɗisun a hankali, duk inda ya ƙi kamawa ya san an cike rami an bi da fenti. Da maki ɗari kowa yake farawa, daga nan sai raguwa. Na ga ƙattin manoma, masu ɗaga injin da hannu, suna gumi don Boeta ya tsaya ya ce, "Uhm."

Boeta, ban taɓa ganin mutum mai son sanin dalili irinka ba. Kai ba ka iya wuce abu. Ka shinshina tamfol ka tambayi mai shi da me ya shafa masa. Ka ga rami ɗaya da ba ya aikin komai a ƙofar mota, sai ka tsugunna ka hana kowa sakat sai an gano abin da aka taɓa ɗaurawa a wurin. Mahaifinka direba ne a yaƙin duniya na biyu, ya dawo bai faɗa maka komai ba har ya rasu, kuma ina zaton amsar da bai ba ka ba ita ka yi ta nema a jikin motocinmu. Na tuna shekarar da Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, ya kawo ƙaramar motarsa tana sheƙi, mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Ka zagaya ta sau biyu, ka tambaye shi yaƙi za ta ko ɗakin miji, ka cire masa maki takwas. Amma da yamma kai ne ka zauna da shi a bakin wutar gasa kifi kana zana masa yadda ake haɗa fentin da ba ya ƙyalli. Duk wanda ka kayar sai ka neme shi ka zauna da shi. Da mijin Tannie Marlene, wato Gwaggo Marlene, ya rasu ya bar mata motar asibiti rabi a kwance, kai ka riƙa tuƙi zuwa Ceres kowace Asabar har ta tashi, kuma da ta shiga gasa ba ka ƙara mata ko rabin maki ba.

Ni kaɗai ne ka kayar na ƙi zama da kai. Dole in faɗi wannan, don in na ɓoye shi duk yabon da na yi maka ya zama na baka.

Motata babbar motar soja ce ta 1942. A wata gonar inabi kusa da Robertson na tsince ta, kaji na ƙwai a kujerar direba. Shekara tara na yi a kanta. Ranar da na fara kawo ta taro, Boeta ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya daɗe har na fara tunanin barci ya ɗauke shi. Da ya fito ya ce lambar shasi, wato wadda ke jikin ƙashin motar, an buga ta sau biyu, wata a kan wata. Dokar ƙungiya a fili take, motar da aka taɓa lambarta ba ta shiga gasa. Abin da ya gani ya rubuta, bai ƙara kalma ba, bai ce ni na yi ba.

To, amma ni mai walda ne da gyaran jikin mota, kuma kowa ya san ina da akwatin ƙarafan buga lamba a gareji. Kafin a gama abincin rana labari ya gama fili cewa Ganief Manuel ya ɗauko motar gona ya buga mata lambar yaƙi. A wajenmu ba abin da ya kai wannan muni. Gara a ce ka saci taya. Mutum uku suka zo suka janye motocinsu daga garejina. A taron da ya biyo baya aka bar fili dama da hagu da ni kamar mai ƙyanda. Har a ƙofar masallaci wani ya tambaye ni, wai wasa, ko zan iya rage masa shekaru a katin shaida. Na yi dariya tare da su, na koma gida na kasa cin abinci. Sunana ne ya tafi, sunan da mahaifina ya bar mini a kan allon garejin nan, kuma ban san hanyar da zan bi in dawo da shi ba, tunda ni kaina ban san wanda ya buga lambar ba.

Mako biyu da faruwar abin sai ga ka a ƙofar gidana da 'yar siririyar takarda da fensir. Na ce ba za ka shiga ba. Galiema ta ce a gidanta ba a barin dattijo a tsaye a waje, ta buɗe maka. Ka shige ƙarƙashin motar, ka ɗora takardar a kan lambar kana gogawa da fensir har zanen ya fito.

Na ce, "Boeta, ka gama kashe ni, yanzu kuma gawar ka zo aunawa?"

Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Ganief, ka taɓa lura da bakwai ɗin nan ta cikin lambar? Ƙafarta a karye take."

Shekara tara ina tare da motar ban lura ba. Na ce wa Galiema kada ta ba ka shayi. Ta ba ka, har da koesister, fanken nan namu mai zaƙi, guda biyu masu zafi.

Tun daga taron da aka guje ni na daina zuwa, sai dai labarinka ya riƙa iso ni. An gan ka a Calvinia ƙarƙashin wata ruɓaɓɓiyar tankar ruwa. An gan ka a Upington wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, kana roƙon a ɗaga maka wata gawar mota. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa Boeta, ya koma bin bola da fensir. Ni kuwa na rasa gane abin da kake nema, abin ya tsaya mini a rai, amma girman kai ya hana ni tambaya. A shekara ta uku ka dawo ka ce in nuna maka ƙarafan buga lambata. Na ɗauko akwatin na jefa shi a gabanka, ƙarafan suka watse a ƙasa. Kai, da shekarunka, ka durƙusa ka tsince su ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina kallonka. Ka ɗauki bakwai ka duba ta da gilashi, lafiyarta ƙalau. Na ce hankalinka ya kwanta? Ka ce mutum yana iya mallakar akwati biyu. Wallahi ranar ban san abin da ya riƙe hannuna ba.

Shekara shida aka yi a haka. A watan Agustan bana ka kira ni ka ce in kawo motar taro, na ce ba zan zo ba, na ajiye waya. Washegari Rugaya ta kira. Ta ce mahaifinta ba shi da lafiya, likita ya hana shi fita, shi kuma ya ce sai ya je wannan taron ko da a kan katifa ne, kuma sunana yake ta kira. Galiema ta ɗauko mabuɗin motar ta ajiye kusa da farantina. Na tafi, rabi don kunya, rabi don in ga me tsohon nan ya ƙulla.

Ranar Lahadi da yamma aka taru a babbar rumfa don rabon kofuna. A zaune ka yi alƙalanci bana, wasu suka shiga maka ƙarƙashin motoci. Kafin a kira sakamako ka sa aka ɗago wani allo da takardu huɗu a manne. Zanen lamba ne na motoci huɗu, tawa ce ta farko, kuma duk inda bakwai ta fito a cikinsu ƙafarta a karye take a wuri ɗaya. Tankar Calvinia kuwa har da hotonta, itacen ƙaya ya tsiro ta tsakiyarta ya yi kaurin cinyar mutum, alamar tun ina goye take ajiye a wurin, ba yadda za a ce ni na buga mata lamba.

Kusa da kai akwai wani tsoho da ba mu sani ba, cikin kwat da ta yi masa yawa. Ka ce sunansa Oom Hendrik Pietersen daga Mamre, shekararsa casa'in da biyu, kuma shekara biyu ka yi kana bin gidajen tsofaffin sojoji kafin ka same shi. Makaniki ne a garejin soja a hamadar Masar lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya ce in motoci biyu suka mutu sai su haɗa su su tayar da ɗaya, a buga mata sabuwar lamba a kan tsohuwa, kuma shi ne mai bugawa. Bakwai ɗin ƙarafansa ta karye tun watan farko, sajan ya zage shi kwana uku, ba a kuwa ba shi wata ba har yaƙi ya ƙare. Aka riƙo shi zuwa motata. Bai iya sunkuyawa ba, sai aka zura masa madubi aka haska. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce hannunsa ne, kullum layinsa sai ya karkata.

Sai ka karɓi lasifika, muryarka da ƙyar take fita. Ka ce, "Na rubuta abin da na gani, na tafi gida, na bar ku kuka ƙarasa sauran. Wannan laifina ne. Ganief Manuel bai taɓa lambar nan ba. Wanda ya faɗi akasin haka ya san inda garejinsa yake, ya je ya ba shi haƙuri."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Oom Stoffel ne ya fara tasowa ya kama hannuna, shi da ya janye motarsa daga wurina.

Da yake tun a yaƙi aka buga lambar, ba a cire motata daga gasa ba. Aka kira sakamako, na zo na biyu. Maki casa'in da shida. Boeta ya cire mini huɗu saboda sukurorin da ke gaban direba masu kan gicciye ne, alhali na lokacin masu tsaga ɗaya ne. Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Da aka watse na je na tsugunna kusa da kujerarsa, na yi masa tambayar da ta shekara shida tana cina, me ya sa ya ɗora wa kansa wannan wahala saboda mutumin da ya wulaƙanta shi.

Ya ce, "Saboda kai? Shekara ukun farko kama ka nake son yi, Ganief. Na ɗauka kai ne. Da kuwa na samu kai ne, a wannan lasifikar zan faɗa."

Wannan ita ce damata. Nan ya kamata in kama hannunka in ce ka yafe mini akwatin da na jefa, ka yafe mini shayin da na ce a hana ka. Maimakon haka me na yi? Gardama na kama yi da kai a kan sukurori, wai maki huɗu sun yi yawa, biyu ya kamata. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Rugaya ta zo ta tura ka zuwa mota. Na ce a raina zan zo gida in same ka mu yi magana a natse, in na gama aikin da ke hannuna. Mako uku na yi ina cewa gobe.

A wurin zaman makoki na faɗa wa Rugaya komai, har maganar akwatin. Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan labari ba, mahaifinta bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Duk sanda ya dawo daga wurina, abin da yake cewa kawai shi ne matar Ganief ta iya koesister.

Ka dawo mini da sunana a gaban mutum ɗari uku, Boeta, ni kuwa na kasa ba ka kalma uku a gaban mutum ɗaya. Ga su nan a makare, a inda kowa zai karanta: ka yafe mini.

Ya Allah, bawanKa Gasant ɗan Salie ya zo gare Ka. Ka ji ƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya wanke ni daga abin da ban yi ba, ya kuma rufa mini asiri a kan abin da na yi. Ka wanke shi, Ka rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai Kai, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rugaya da 'yan'uwanta, da jikokinsa, da 'yan ƙungiyarmu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Ya kuma haɗa ni da shi a inda zan faɗa masa da bakina.