Dattijo Mai Gyaran Ƙotar Bindiga

A wani shagon bindigogin farauta kusa da kasuwar Ataba, can ƙasar waje, nake kallonsa, dattijo dogo cikin jallabiyar Sudan da ta koɗe. Sabuwar ƙota yake haɗa wa wata bindiga. Yana shafa baƙin fitila a ƙarfen, ya kwantar da shi cikin itacen, ya ɗaga, ya kankare duk inda baƙin ya taɓa. Sai ya ɗora ta a kafaɗa, ya kanne ido, ya sauke da sauri kamar ta ƙona shi.

Da na ji yana gunaguni da Hausa, sai na gaishe shi.

"Baba, duk wannan wahalar ta mece ce?"

"Don kada harsashi ya kauce, ɗana. Ta masu harbin agwagi ce a tafkin Fayyum."

Ya tsura wa bindigar ido. Ina zaton ba agwagi yake gani ba.

"Can Sudan, a Omdurman ma, na farauta nake gyarawa," in ji shi. "Da yaƙi ya zo, samari suka kwashe shagon kaf. Kuma bindigar da na gyara ba ta kuskure. Ma'alish, yi haƙuri, matsa, ka tare mini haske."