Bokitin Kifin Malam

Mijina malamin daji ne, kuma mutum ne mai son a ce ya sani. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Baturen da Malam yake aiki a ƙarƙashinsa ya tashi komawa gida, ya bar masa akwatin gilashi na kiwon kifi. A ciki akwai fararen duwatsu masu rassa, waɗanda Malam ya ce murjanin teku ne, da 'yan kifaye jajaye da ba su kai yatsa ba. Ba a ci, ba a sayarwa, sai kallo. Ya ajiye a zaure, mutanen Birnin Gwari suka riƙa zuwa gani, har daga Randagi. Ni kam na tsani abin. Malam bai taɓa tambaya ko na ci abinci ba, amma kifin nan sau uku yake leƙa su a wuni.

Ruwansu daga rafi ake kawowa. Wata tsohuwa Bagwariya ce ke ɗebowa, tulu a kafaɗa yadda matansu ke yi, ta juye a wani bokitin ƙarfe da Malam ya ware wa kifin. Rabin unguwar ita ke kai wa ruwa, da shi take ci. Iya nake ce mata, ita kuma 'yata take ce mini. Lokacin da na yi ɓari ita ta wanke mini zannuwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata safiya kifi biyu suka taso ciki sama, fatarsu ta saɓule fari fat. Kashegari uku. Malam ya shiga bincike kamar likita. Ya canza musu abinci, suka ci gaba da mutuwa. Ya rufe taga don rana. Ya kwashe duwatsun ya sa na dafa su a tukunyar miyata. Kullum kuma yana ƙara musu sabon ruwa daga bokiti, wai don su farfaɗo. A rana ta huɗu ya ja ruwan rijiya da hannunsa, ya zuba a tasa, ya sa kifi biyu. Suka kwana suna iyo.

"Ruwa ne," in ji shi. "Ruwa kuwa mutum ɗaya ke taɓa shi."

Ni na riga shi sani da kwana biyu. Kaska ta dami akuyata, sai na daka magimfa, ganyen nan da ake zuba wa gurbi da rani kifi ya bugu ya taso, na jiƙa a bokitin kifin, don shi ya fi kusa da hannuna, na wanke ta. Sau uku na yi a makon, ina ɗauraye bokitin sama-sama in mayar. Da na ga yadda kifin ke juya ciki na gane, don tun ina yarinya nake ganin haka a wurin kamun kifi. Amma ban gaya masa ba. Na san hannun Malam.

Bayan la'asar ya sa aka kira Iya ƙofar zaure, maza na zaune a dakali. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Tsohuwa, me kike zuba wa kifina?"

"Malam, ni ban sa komai ba. Ruwan da ina kawo maka shi ina kai kowa."

"To me ya sa kowa bai mutu ba sai su? Ko ido ne?"

Wani a dakali ya ce dama ana faɗi. Ba a taɓa faɗin komai a kanta ba sai ran nan. Malam ya ɗebo ruwan akwatin a moɗa, da mataccen kifi a ciki, ya ce in tana da gaskiya ta sha. Ta tsame kifin da yatsa biyu, ta ajiye a ƙasa a hankali, ta shanye. Ta miƙa masa moɗar, ta dubi wajen ƙyauren. Ban sani ba ko ta gan ni.

Ba abin da ya same ta, sai suka ce ai mayya ba ta mutuwa da abinta. Kafin Juma'a ba gidan da ke karɓar ruwanta. Yara na ganinta sai su watse. Ta zo ƙofata sau ɗaya ta ce, "'Yata, ke ma?" Na ce Malam ya hana, na rufe.

Tsoro ya sa na jefa bokitin a masai, na ce wa Malam ya ɓule. Ya sayo sabo, ya ɗauki wani mai ruwa. Kifin da suka rage suka warke sarai, har suka hayayyafa. Duk baƙon da ya zo, Malam sai ya nuna masa su ya ce, "Ka gani? Tun da ta bar ƙofar nan ko ɗaya bai mutu ba."

Iya ta koma wani ƙauye wajen Kuyello, inda aka ce labarin ya riga ta isa. Bayan tafiyarta ni Malam ya ɗora wa ciyar da kifin, safe da yamma, don ya ce a gidan nan ni kaɗai ya yarda da hannuna.