Simbal ɗin Baba a Katsina

Mun bar Kafanchan gari bai gama wayewa ba, ni da Mama, da sabon simbal a cinyata. Simbal shi ne faifan tagullan nan da mai ganga ke bugawa a baja, wato ƙungiyar makaɗan coci. Baba ya buga shi a cocinmu na Katsina har ya yi ritaya muka dawo gida. Tun da ya rasu Mama ba ta da magana sai ta ƙarar faifan nan, tana so ta sake jin ta tun kunnenta bai gama mutuwa ba.

Na sayo mata sabo a Jos, an rubuta masa "matsakaici" da Turanci, daidai abin da na tuna a jikin na Baba. Bugu ɗaya ta yamutsa fuska: "Wannan ai murfin tukunya ne." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ga mu a mota, za mu Katsina neman na Baba.

Sojoji sun miƙa mulki kwanan nan, shingayen hanya sun ragu, ramukan kuwa suna nan daram. A Funtuwa muka ci dafaffen ƙwai da yaji, mai ƙwan ya tsawwala kamar shi ya ci zaɓe. Da muka wuce Dutsin-Ma da Batagarawa sai na ji tana kiran sunayen tsofaffin maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun rasu. Kewa ta kama ni har na kasa kallon ta.

Ƙofar Kaura ta cika da 'yan acaɓa, da ƙyar muka gane kwanar cocin. Dattijon da ke riƙe da ɗakin kayan kiɗa, mutumin Filato ne amma bakinsa ya zama na Katsinawa, ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo kafin ya ce, "Mi ya kawo ku, Mama?" Da ta faɗa, ya jawo faifan daga bayan kabad. Matasa sun ajiye shi, wai ba ya da ƙarfi.

Muka jera su. Na buga sabon, ya yi ƙara siririya mai tsini, ya daɗe yana kuka. Na taɓa na Baba, nan take ya buɗe da murya mai zurfi, shaaa, ya lafa. Mama ta dafe bango.

Dattijon ya ce kauri ne: mai kauri ihu yake ya daɗe, marar kauri ya amsa da wuri ya yi shiru. Rubutun kuwa, kowane kamfani da nasa matsakaicin. Na murza bakin na Baba, kai, kamar ganye! Rubutun ma ya goge.

"Ni na goge shi," in ji Mama. "Duk Asabar da toka da tsamiya, shekara da shekaru."

Ashe hannunta ne ya cinye tagullar har ta yi wannan murya. Ni kuwa ina can ina bin rubutu a shago.

Muka bar musu sabon a madadin na Baba, matasa har da tsalle. Dattijon ya nuna mini ɗan tsagi a gefen na Baba, ya ce in an ci gaba da bugu ba zai daɗe ba.

A hanyar dawowa faifan Baba yana cinyarta. Abin da na koya ke nan, a saurari kaya kafin a karanta jikinsa. Da muka isa gida na naɗe shi a zane zan ɗora kan kabad, don ina tsoron tsagin. Mama ta miƙo mini sanda, ta matso da kunnenta na dama, mai ɗan ji.

"Buga," ta ce. "Shi da kunnen nan, duk wanda ya riga."